Yadda ake ɗumama da cin burodin shinkafa na kanti ga wanda alkama ba ta karɓe shi ba

Ranar da ƙanena ya fara aiko mana da ƙullin burodin shinkafa daga Abuja, ɗiyata ce ta riga kowa isa ƙofar gida ta karɓo daga hannun direba. A lokacin shekara guda ke nan da likita ya tabbatar mana tana da cutar siliyak, wato hanjinta ba ya jituwa da gulutin, sinadarin nan da ke cikin alkama, kuma tun daga ranar ba ta ƙara sa burodi a baki ba. Ta yage leda, ta ɗauki dunƙule ɗaya ta gatsa. Nan take na ga fuskarta ta sauya. Rabin burodin ya marmashe a hannunta, wanda ya shiga baki kuma ya tsaya mata a maƙogwaro kamar garin kwaki da ba a jiƙa ba. Kakarta da ke zaune kan tabarma ta karɓa ta latsa, ta ce, "Wanga ai ya bushe, ɗiyata, ba a ba yaro shi hakanan." Yarinya ta ajiye sauran ta shige ɗaki, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, don na san watanni nawa ta yi tana jiran wannan rana.

Inna, kakar tata, ita ce ta yi gaskiya. Ba a cin wannan burodi hakanan. Abin da na koya a shekarun da suka biyo baya shi ne zan shimfiɗa a nan, domin duk gidan da ke da mai irin wannan lalura, a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko Jega ko Yauri, kada kuɗinsu ya tafi a banza kamar yadda ledarmu ta farko ta tafi.

Dalilin da ya sa yake bushewa

Sai an gane wannan kafin sauran bayani ya zauna. Gulutin shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya miƙe idan an ja shi, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa. Shi ya sa burodin alkama ke lotsawa ya dawo. Shinkafa ba ta da shi ko kaɗan. Masu yin waɗannan ƙananan dunƙulen burodi suna haɗa garin shinkafa da sitacin rogo ko na masara ko na dankali, su ƙara wani ɗan sinadari mai yauƙi da zai riƙe kwaɓin. Ke nan jikin burodin kusan duk sitaci ne, kuma sitacin da aka dafa, da ya huce sai ya ɗaure ya yi tauri.

Mu mutanen Kabi ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Wace ce ba ta san yadda tuwon shinkafa ke zama idan ya kwana ba? Malmalar da jiya da dare take laushi, da safe ta zama kamar dutse. Kuma wace ce ke zubar da ita? A yanka, a sa a tukunya da ɗan ruwa, a rufe, a ba ta wuta kaɗan, sai ga ɗumame wanda wasu ma sun fi son sa da sabon tuwo. To, burodin shinkafa ɗan'uwan tuwon shinkafa ne, ba ɗan'uwan burodin mai shayi ba. Zafi da ɗan danshi ke dawo da shi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Kafin a biya kuɗi

Mu da muke zaune a tsakiyar shinkafa, daga fadamar Gulbin Kabi har zuwa Suru da Bagudo, a jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, inda kuma aka buɗe katafaren injin casar shinkafa a Argungu a 2017, har yanzu wannan burodi daga nesa yake zuwa mana. Yawanci a manyan kantunan Abuja ko Legas ake samunsa, da yawansa ma daga Turai aka shigo da shi. Saboda haka galibi aike za a yi, kuma wanda aka aika ba lallai ya san abin da zai duba ba. Ki tura masa wannan bayani ta waya kafin ya shiga kanti.

Abu na farko, kalmar "burodin shinkafa" ita kaɗai ba ta wadatar ba. Akwai masu gidan burodi da ke zuba garin shinkafa cikin fulawa su kira shi da wannan suna. Ga mai siliyak wannan da burodin alkama duk ɗaya ne. Dole a ga an rubuta "gluten free" ɓaro-ɓaro a jikin ledar. Waɗanda suka fito daga Turai sau da yawa suna ɗauke da hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi aka soke. Ƙa'idar da Tarayyar Turai da Amurka ke bi ita ce, ba a sa wannan rubutu sai gulutin da ke cikin abincin bai kai sama da miligiram 20 a kowane kilo ba.

Na biyu, a juya bayan ledar a karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Da Turanci ake rubutawa, don haka kalmomi huɗu nake sa a nema: "wheat", "barley", "rye" da "malt". Ta farko alkama ce, ta biyu sha'ir, ta uku wani hatsi ne na ƙasashen sanyi, ta huɗu kuma yawanci tsiron sha'ir ne, duk ababen gudu ne saboda gulutin. Sai a duba ranar lalacewa, a duba ko ledar ba ta huje ba. Irin wanda ake ajiyewa kan kanta ba cikin firiza ba, an rufe shi ne da wata iska ta musamman da ke hana shi funfuna, don haka da leda ta sami ɗan huji, lissafin ranar da ke jiki ya rushe. Wani kuma rabin gashi aka yi masa, an rubuta a jiki cewa sai an ƙarasa gasa shi a gida. Wannan idan aka ci shi yadda ya zo, ɗanye-ɗanye zai yi a baki.

Bari in tsaya nan in faɗi wata magana da ta fi burodin muhimmanci. Idan kina zargin yaronki na da wannan cuta, saboda yawan gudawa, kumburin ciki, rama ko ƙarancin jini da ya ƙi jin magani, kada ki cire masa alkama kafin a yi gwaji. Gwajin jini da na hanji suna nuna cutar ne idan mutum yana cikin cin alkama. In aka daina tun kafin a je, sakamako zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. A fara ganin likita.

Ajiya idan ya iso gida

Ledar da ba a buɗe ba, irin ta kan kanta, a sa ta a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da madafa. Zafin Maris da Afrilu a nan yakan haura digiri 40, kada a bar ta a ɗakin da rana ke duka.

Da an buɗe, kwana biyu ne ko uku. Da damina ma ba ya kai haka, funfuna ke fito masa. Da hunturu kuwa iska ke shanye shi cikin 'yan awoyi idan aka bar bakin leda a sake. To, ga inda mutane da yawa ke kuskure: sai su tura shi firij. Sanyin firij shi ne ya fi kowane yanayi saurin ɗaure sitaci, burodin zai yi tauri fiye da yadda zai yi a waje. Firiza ce wurinsa, inda zai daskare gaba ɗaya.

Yadda nake yi: ranar da na buɗe leda, nakan tsaga kowane dunƙule gida biyu tun yana da sauran laushi, in mayar da shi in haɗe, in ɗaure bibbiyu a ƙananan ledoji, in matse iskar ciki, sannan in jera su a roba mai murfi. Robar tana can ƙasan firiza kusa da ƙanƙara, inda sanyi ke daɗewa idan an ɗauke wuta. Amfanin ɗaurin bibbiyu shi ne ki ciro na ci ɗaya kawai, ba sai kin narkar da duka ba. Idan wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba har suka narke, ban mayar da su su sake daskarewa. A cinye su cikin kwana biyu, ko a busar da su a yi garin da zan yi bayani a gaba. Gidan da wuta ba ta da tabbas, gara a sayo ƙananan ledoji masu dunƙule huɗu-huɗu da a sayo babba ɗaya.

Ɗumamawa

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Hanyar kasko ita ce tawa ta kullum. A samu kasko mai kauri da murfin da ya zauna daidai. A ɗora kan wuta kaɗan, ko risho ne ko gas ko kurfoti da garwashinsa ya kwanta. A jiƙa hannu da ruwa mai tsabta a shafe bayan burodin, shafawa kawai, ba tsomawa ba. A shafa ɗan man shanu a gefen da aka tsaga, a kifa shi kan kasko, a rufe. Bayan minti 2 zuwa 3 a buɗe, za a ga gefen ya yi ja-ja. A juya shi, a ɗiga ruwa kamar rabin cokalin shayi a gefen kaskon, ba kan burodin ba, a yi maza a rufe. Tururin nan ne zai ratsa cikinsa. Minti 2 ya isa. Idan kika latsa da yatsa kika ji ya lotsa ya dawo, ya yi. Wanda aka ciro daga firiza a daskare, a ƙara masa minti 2 a rage wuta, don kada baya ya ƙone ciki na da ƙanƙara.

Hanyar madambaci ta fi ba da laushi, kuma ita ce ta dace idan da miya za a ci. A tafasa ruwa a tukunya, a ɗora madambaci, a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a ciki, a jera burodin, a rufe. Minti 4 zuwa 5, daskararre kuma 7. A naɗe murfin da wani ƙyallen don kada ruwan tururi ya riƙa ɗiga kansa, in ba haka ba samansa zai yi caɓa-caɓa. Wanda ya fito daga madambaci taushinsa kamar na waina mai zafi ne, tsofaffi da ƙananan yara sun fi son sa.

Garwashi kai tsaye kuma yana ba da ƙamshin da babu irinsa. A ɗora waya a kan garwashin da ya daina ci da harshe, a jiƙa bayan burodin, a riƙa juyawa ba tsayawa. Sai dai yana saurin bushewa, minti 2 ya wadatar, kuma wayar ta zama wadda ba a taɓa gasa gurasa ko burodin alkama a kanta ba.

Mai murhun gashi na gas ko lantarki, ta yayyafa wa burodin ruwa, ta sa shi a digiri 180 na minti 6 zuwa 8. Wanda aka yi wa rabin gashi kuwa a bi lokacin da aka rubuta a ledarsa. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki tana yi cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 idan an naɗe shi da ɗanyen ƙyalle, amma ni ba na son ta, domin da ya huce yakan koma kamar roba.

Kowace hanya aka bi, sharaɗi ɗaya ne: a ci da zafinsa. Laushin nan na minti goma ne zuwa sha biyar. Saboda haka burodin shi ne na ƙarshe da ake ɗorawa a wuta. A soya ƙwai, a haɗa shayi, a zuba miya, mai ci ya wanke hannu ya zauna, sannan a ɗumama. Kuma ba a ɗumama dunƙule ɗaya sau biyu.

Karin safe

Abin da ɗiyata ta fi kewa shi ne burodi da ƙwai irin na mai shayi, don haka da shi muka fara. A fasa ƙwai biyu, a yanka albasa, in an samu ta Aliero mai ƙamshin nan, da tumatir ɗaya da ɗan attarugu, a sa gishiri. A soya a kasko da mai kaɗan, kada a bari ya bushe, a sauke shi yana da sauran danshi. Cikin kaskon nan, ba tare da an wanke ba, a kifa burodin ya sha man da ƙwan ya bari, a rufe kamar yadda na faɗa. A naɗe ƙwan a cusa a tsakiya, a danne da bayan cokali. Burodin shinkafa ba shi da ɗanɗano mai ƙarfi na kansa, yana ɗaukar na abin da aka haɗa shi da shi, kuma yana son abu mai maiƙo ko romo. Busasshen haɗi ba ya yi masa kyau.

A kula da shayin. Ganyen shayi, madara, sukari, citta da kanumfari duk babu matsala. Amma Milo da Bournvita da Ovaltine akwai malt a cikinsu, wanda zai iya zama na sha'ir, haka ma lemunan kwalba na malt. Mai siliyak ba ya shan su. Idan yaro na son ɗanɗanon koko, a nemi garin koko zalla a haɗa masa da madara.

Ƙosai cikin burodi ma ya karɓe shi sosai. Ƙosai biyu masu zafi, a ɗan latse su, a barbaɗa yaji, a sa cikin ɗumamammen burodi, a sha da kunun gyaɗa ko koko. Ni a gida nake soyawa, domin mai ƙosan bakin hanya sau da yawa a mai ɗaya take soya fanke, fanke kuwa fulawa ne.

Da kifi da miya

A ganina nan ne wannan burodi ya fi dacewa da bakinmu. Allah ya hore mana kifi, daga Argungu har Yauri, kuma babu abin da ya kai romon kifi shiga jikin burodin shinkafa.

Idan an samu tarwaɗa ko ƙarfasa ɗanye, a yi farfesu mai ɗan kauri da albasa, tattasai, citta, tafarnuwa da daddawa. A gasa burodin a kasko har gefensa ya yi ƙarfi, sannan a riƙa gutsura ana tsomawa. Kada a zuba romo a kansa a bari ya jiƙa, domin ba shi da danƙon da zai riƙe shi, cikin minti biyu zai narke ya zama kamar fate. Tsoma, ɗaga, kai baki.

Busasshen kifi kuwa ina yin miyar cusawa da shi. A jiƙa shi a ruwan zafi, a cire ƙaya tsaf, a marmasa. A soya albasa mai yawa har ta yi laushi, a zuba jajjagen tattasai da tumatir, a bari ruwan ya tsotse, a zuba kifin, a juya har mai ya taso. Wannan haɗin yana kwana biyu bai lalace ba idan ana ɗumama shi, kuma cokali biyu sun cika dunƙule ɗaya. Shi nake yi idan za mu yi tafiya.

Sai miyar taushe. Duk abin da ake ci da waina, ana ci da burodin da ya fito daga madambaci, tunda asalinsu ɗaya. Kabewa, gyaɗa, alayyahu, ɗan yakuwa, da ƙashi mai ɓargo, a ɗiga man shanu a kai. Ranar da na fara kawo shi haka, Inna da kanta ta ce a ƙaro mata ɗaya. Da azumi ma haka muke buɗa-baki wani lokaci, dabino, kunun tsamiya, sannan burodi biyu da taushe.

Wani gargaɗi a kan miya: dunƙulen ɗanɗanon da muke jefawa a tukunya, wasunsu akwai alkama a ciki. A karanta kwalinsu kamar yadda aka karanta ledar burodi. Daddawar kalwa, gishiri, albasa da busasshen kifi suna ba miya daɗin da ba sai an nemi wani abu ba.

Kwaikwayon gurasa

Wanda ya taɓa cin gurasa bandashe irin ta Kano ya san abin da nake nufi. Gurasa da fulawa ake yin ta, ta haramta ga mai siliyak, amma haɗinta bai haramta ba. A daka ƙuli-ƙuli da barkono da citta da gishiri ya yi laushi. A yanka albasa, tumatir, kokwamba da kabeji ƙanana. A ɗumama burodin a kasko, a yanka kowane ɓari gida biyu, a jera a faranti. Ita gurasa tsoma ta ake yi a ruwa, shi kuwa wannan yayyafa masa ruwan ɗumi kawai za a yi da yatsu. A barbaɗa garin ƙuli da yawa, a zagaya da man gyaɗa, a watsa kayan lambu a kai. In akwai balangu ko tsire, a yayyanka a ɗora. A ci nan take.

Game da naman, ki tambayi mai tsire abin da ke cikin yajinsa, kuma ki lura ko a kan teburin da yake yanka nama yake yanka gurasa ko burodi. Idan haka ne, a sayo ɗanyen nama a gasa a gida. Ni nakan ce, "Malam, don Allah a goge wuƙa da katako, yarinyar ba ta cin abin da ya taɓa burodi, lalura ce." Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba, amma idona na kan hannunsa har ya ƙulle.

Na zaƙi ba ya buƙatar dogon bayani: man shanu da zuma a kan mai zafi, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa da yankakkiyar ayaba, ko dabinon da aka jiƙa aka dama shi ya zama kamar kwaɓi. Da kofin kindirmo mai sanyi a gefe, yaro ya ƙoshi.

Na makaranta

Wannan ya ba ni wahala, tunda ba za a ci shi da zafi ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne in gasa shi sosai a kasko, in shafe cikinsa da man shanu ko gyaɗa don ya toshe ƙofofin, in cusa miyar kifi ko ƙwai ko dambun nama da ɗan tumatir, in naɗe shi tun da zafinsa a takardar gashi, in sa a ƙaramar kula. Zuwa tara da rabi ko goma yana nan da ɗuminsa. Idan ya wuce azahar ba a ci ba, ya tashi daga aiki. Na kuma je na yi wa malamarsu bayani da bakina, cewa kada ƙawaye su yi musayar abinci da ita, ko cincin ɗaya ne ko biskit.

Wanda ya bushe

Da tsadarsa, ko ɓarɓashi ba na zubarwa, muddin babu funfuna. Wanda funfuna ta taɓa kuwa a jefar da shi gaba ɗaya, yanke wurin ba ya wadatarwa.

Wanda ya yi tauri kawai, a kaɗa ƙwai ɗaya da madara rabin kofi da ɗan sukari, a yanka burodin fale-fale, a tsoma kowane yanki na ɗan lokaci kaɗan, a soya da man shanu. Ya fi sabo daɗi a wannan haɗin, don busasshe ya fi shan ƙwai ba tare da ya wargaje ba. Ko a yanka shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa biyu, a soya a mai kaɗan da tafarnuwa har ya yi ƙaras-ƙaras, a watsa kan farfesu ko kwaɗon zogale daidai lokacin ci. Wanda ya bushe ƙamas kuma a ƙarasa busar da shi a kasko, a daka a turmi mai tsabta, a tankaɗe, a zuba a kwalba. Wannan garin nake barbaɗa wa kifi ko kaza bayan na tsoma a ƙwai kafin suya, kuma da shi nake ɗaure niƙaƙƙen nama.

Tsare shi daga alkamar gida

Duk wahalar nan ta tashi a banza idan ɓarɓashin burodin alkama ya hau kansa. Ga mai siliyak, ɗan abin da ido ba ya gani ma yana taɓa hanji, ko da bai ji ciwo a ranar ba. Gidanmu kuwa sauran yara suna cin burodinsu da taliyarsu, ba zan hana su ba.

Don haka na ware mata kasko ɗaya, wuƙa ɗaya, katakon yanka ɗaya da rariya ɗaya, na ɗaura musu jan zare a mariƙi don kowa ya gane. Man shanunta da zumarta a kwalba daban suke, domin wuƙar da ta shafi burodin alkama ta koma cikin kwalba ta riga ta ɓata shi. Nata nake fara haɗawa kafin na kowa, in rufe, sannan in taɓa fulawa. Madambacin da aka turara kuskus a ciki sai an wanke shi da soso har cikin hujojinsa, kuskus alkama ne, haka ma semo. Injin niƙa na unguwa shi ma abin lura ne, tunda ana kai masa alkama. Nakan sa a fara zuba ɗan abin da na kawo ya wanke injin, a ware wannan na farkon don sauran 'yan gida, sannan a niƙa nata.

Gidan biki ko suna kuwa, waina da ɗanwake su ne tarko. Asalin waina shinkafa ce, amma mata da yawa suna ƙara fulawa ko semo a ƙullu, ɗanwake ma yanzu da wuya ki samu wanda babu fulawa. Nakan ɗumama mata burodi biyu in sa a kula, a can ta karɓi nama da miyar da na tabbatar da ita, ta zauna cikin 'yan'uwanta ta ci.

Sau nawa za a ci

Ba na ba ta shi kullum, kuma ba kuɗi kaɗai ne dalili ba. Farar shinkafa da sitaci ne, ba shi da dusa sosai, yana saurin narkewa ya ɗaga sukarin jini. Mai ciwon sukari ya yi hattara da shi, ya tsaya a dunƙule ɗaya tare da ƙwai ko kifi ko wake da ganye, kuma ya shawarci likitansa. Wanda kuma alkama ba ta dame shi da komai ba, babu wata ƙarin lafiya da zai samu don ya koma wannan burodi.

Abincinmu na gado yawancinsa babu gulutin a ciki tun asali: tuwon shinkafa, tuwon dawa da na masara, fura, hoce, sinasir, alala, dambun shinkafa, acca, doya, rogo, dankali. Da su take rayuwa kwana biyar a mako. Burodin na ranar Asabar ne da Lahadi da safe, lokacin da mahaifinsu ke aikawa a sayo burodi kowa ya zauna shan shayi, sai kuma ranar tafiya da ranar biki. Leda mai dunƙule huɗu tana kai mu mako guda a haka. Yanzu da ta kai shekara goma sha ɗaya ita ke ɗumama abinta, ta jiƙa hannu ta shafe shi, ta kifa a kaskonta mai jan zare, ta tsaya a kai tana ƙirga minti har ta ji ƙamshin man shanu ya tashi, sannan ta ɗiga ruwan ta rufe.